Rigar Sarauniyar Kifaye

"Ina alharinin?"

Malam Shu'aibu tela ne ya yi tambayar, murya ƙasa-ƙasa, yana durƙushe gaban adudun da aka ɗauko daga ɗakin ƙanwarsa Dudu. Duk wanda ya san Malam Shu'aibu ya san ihu ba ya cikin halinsa. In ka ji ya yi ƙasa da murya, to, nemi wurin ɓuya.

'Yarsa Rahamatu tana tsaye bakin ƙofa da gyale a kafaɗa. Shirin fita ta yi. Yau Talata ce, ɗaya ga Oktoba, shekara takwas da samun 'yancin kai, kuma da la'asar yaran firamaren sabuwar Yelwa za su yi wasan da ta kwashe mako uku tana ɗinka wa kaya.

Adudun nan kuwa kayan na-gani-ina-so ne na Lawali, direban babbar mota a wurin aikin dam na Kainji. Wata biyu ke nan da danginsa suka kawo. Rahamatu ta ce ba ta so. Bazawara ce, shekara uku da rasuwar mijinta, kuma ta riga ta faɗi wanda take so: Malam Mati, malamin aji huɗu, ɗan Gungawa, mutanen tsibiran kogin Kwara da ruwan dam ke ta cinyewa ɗaya bayan ɗaya.

An sha kuka a gidan nan, wallahi. Inna, mahaifiyar Rahamatu, ta yi, ita Rahamatun ta yi, har tuwo sai da ya daina shiga. Daga ƙarshe Malam Shu'aibu ya ce shi ba ya yi wa bazawara dole. Yau za a mayar wa Lawali kayansa cif yadda ya kawo, in an gama da wannan, sai ya saurari mutanen Mati.

"Ga atamfa," in ji shi, yana jerawa a kan tabarma. "Ga kallabi, ga takalmi, ga turare. Wan Lawali da bakinshi ya ce mini akwai turmin alharini shuɗi mai zaren azurfa, daga Ikko anka kawo shi. Ina shi?"

Rahamatu ta bar bakin ƙofa ta matso.

"Baba, shuɗi ka ce?"

"Shuɗi na ce."

Gwaggo Dudu tana zaune ta miƙe ƙafa, tana cin goronta hankali kwance kamar ba da ita ake ba. Ta tofar da tuƙa, ta ce, "Yaya, tambayi ɗiyarka. Ita ta san inda ta kai shi."

Rahamatu ta dafa bango. Ashe! Tun ranar da aka kawo adudun nan, don tsabar ƙi, ko kallon abin da ke ciki ba ta yi ba. Aka kai shi ɗakin Gwaggo aka ajiye. A ɗakin Gwaggon kuma ta yi ɗinkin yara, don Baba ba ya son ganin kayan wasa a gidansa. Ta zagaye kasuwar Yelwa kaf tana neman yadi mai ƙyalli da za ta yi ɓawon kifi da shi, babu, tun da yaƙin basasa ya tare jiragen ruwan da ke hawowa da kaya daga kudu. Tana cikin wannan damuwa Gwaggo ta miƙo mata turmi guda a naɗe cikin takarda.

"Gwaggo," in ji ta, "ba ke kika ce mini naki ne ba? Kika ce tun na aurenki ne, yana ajiye cikin adaka yana ta cin wuri?"

"Na ce."

"To, don mi?"

"Don ina da hankali, ke ba ki da shi." Gwaggo ta gyara zama. "Ɗiyar Shu'aibu guda, a kai ki gidan da uban miji ka zuba wa itace giya? Ina raye? Ga yaro ɗan mutane, mai sana'a, mai mota, kin tsaya kina bin mai alli. Kin sa almakashi da hannunki, ba wanda ya riƙe miki hannu. Wadda ta yanka kayan namiji kuwa kowa ya san mi ta ce: ta yarda da shi."

Ni dai har yau in na tuna Dudu sai raina ya ɓaci. Abin haushin ma, ita a ganinta taimakon yarinyar take yi.

Inna ta saki kuka. "Dudu, kin kashe mu. Wannan wane irin so ne?"

Malam Shu'aibu bai kalli ƙanwarsa ba. 'Yarsa ya kalla.

"Gida nawa kinka yanka shi?"

"Riga takwas, Baba. Bakwai na 'yan kifi, ɗaya ta Sarauniyar Kifaye."

"Saura fa?"

"Ko tafin hannu bai saura ba." Ta zube a gabansa, hawaye wani na korar wani. "Wallahi Baba ban sani ba. Na rantse da Allah ban sani ba. Da na sani da na gwammace in yanke yatsuna."

Malam Shu'aibu ya mayar da kayan cikin adudun. Shi tela ne, ya fi kowa sanin irin wannan yadi ba a samunsa yanzu ko a Kontagora, balle a ce a sayo wani a musanya.

"Tashi ki ji," in ji shi. "Yanka kuskure ne, ana ba da haƙuri a kai. In kin kawo mini rigunan nan takwas, ba wanda ya sa su idon jama'a, ni zan cire hulata in tahi gidansu Lawali in ce ɗiyata ta yi wauta, ga kayanku gunduwa-gunduwa, ku yi haƙuri. Kunyar tawa ce, na ɗauka."

"Na gode, Baba, na..."

"Ban gama ba. In ko guda ɗaya ta hau jikin wani ta fita mutane sunka gani, an ci kaya ke nan. Ba zan ce ki auri Lawali ba. Amma ki sani, har in koma ga Allah ba ni karɓar goron Mati. Ba za a ce Shu'aibu ya ci kayan wani ya ba wani ɗiya ba."

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Ina rumfar ɗinki. Kafin azahar nake son su."

* * *

A ƙofar gida ta ci karo da Lawali. Ya jingina da motarsa, hula a karkace, yana juya mabuɗi a yatsa. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane labari ya riga ta fitowa.

"Ina kwana, Rahamatu. Irin wannan sauri haka?"

Ta kauce za ta wuce, ya sha gabanta.

"Ki tsaya mana. Gwaggo ta aiko mini jiya, ta ce yadina ya ga almakashi. Wallahi ban yi barci ba don murna."

"Ba da sanina ba ne, kuma kai ma ka sani."

"Ni abin da na sani, na shiga Ikko da ƙafata, na bi shago-shago don ke. Na ce ba zan kawo miki abin da wata ta taɓa ɗaurawa a Yauri ba." Murmushin ya bar fuskarsa. "Mi na yi miki, Rahamatu? Kuturu ne ni? Shekara biyu ina binki. Mutumin da ko gidan ubanshi yana ƙarƙashin ruwa, shi ya fi ni?"

Da ta ga idonsa ya yi ja sai ta ji wani iri, don ta san son da yake mata ba ƙarya ba ne.

"Ba ka yi mini komai ba, Lawali. Zuciyata ce ba ta wurinka. Ka yi wa Allah, in Baba ya kawo maka kayan ka karɓa."

"In ya kawo, ba zan kunyata dattijo ba," in ji shi. "Amma takwas Gwaggo ta ce mini. In ya zo da bakwai, ya koma da abinshi."

Ya buɗe ƙofar mota. "Shigo in kai ki makarantar. Tashar jirage za ni, ɗaukar bencina."

Rahamatu ta ja gyalenta ta kama hanya da ƙafa.

* * *

Makarantar sabuwa ce fil, bulo da kwano, cikin jerin gidajen da gwamnati ta gina wa waɗanda aka tasa daga bakin ruwa. Tun daga nesa ta jiyo hayaniyar yara. A fili an kafa rumfar zana, an rataya shuɗin zane a baya ya zama kogi.

Aji huɗu aka mayar ɗakin shiri. Kayan wasan suna jere a kan bencina yadda ta bar su jiya: kan dorina na babbar ƙwarya da ta shafe da toka da ƙaro, kada na kwali mai haƙoran ƙayar aduwa, rigar dodo ta buhu da zaren rama har ƙasa, gashin bakin tarwaɗa da ta tsinko daga tsintsiyar Inna. A kan igiya kuma ga rigunan 'yan kifi a rataye. Kowace ta yanka mata ɓawo fiye da ɗari, ta jera su ɗaya kan ɗaya, ta bi da allura. Iska na taɓa su sai ka ga ɗakin ya ɗauki haske.

Yara suka yo kanta. "Malama ta zo! Malama, yanzu za mu sa?"

Malam Mati yana tsaye kan kujera yana ɗaure wata na kwali. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana. Yana ganin fuskarta ya sauko.

"Ku fita fili ku maimaita waƙa," ya ce wa yaran. Da suka fita ya bar ƙofa a buɗe, ya tsaya nesa da ita kaɗan. "Lahiya, Rahamatu? Wa ya rasu?"

Ta buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa. Da ƙyar ta haɗa masa labarin, tun daga takardar da Gwaggo ta naɗe yadin har sharaɗin Baba.

Mati ya nemi benci ya zauna. Ya kalli rigunan, ya kalli ƙasa.

"Ke nan yadin Lawali ne na yi mako uku ina yabo."

"Malam, ka yafe ni. Wautata ce. Da na buɗe adudun nan ko sau ɗaya..."

"Ba laifinki ba ne."

"Laifina ne! Ga shi yanzu na zo in tuɓe wa yara kayansu ranar wasansu. Da wane ido zan kalle su? Ka san ɗan Yohanna na ajinka tun shekaranjiya yake tambayata ko kifinshi zai yi iyo da gaske?"

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi, wasan ba na raha ba ne kawai. Yawancin yaran ajin 'ya'yan tsibiri ne. Tun da aka kwaso su, wasu ba sa cin abinci, wasu sai su zauna cikin aji su yi ta kuka, wai an bar kakanninsu a kabari ruwa zai hau kansu. Shi ne Mati ya ɗauko wata tatsuniya da kakarsa ke yi musu suna ƙanana, ya mayar da ita wasa: ruwa ya ci wani gari, Sarauniyar Kifaye ta fito da 'yan kifinta bakwai ta yi wa mutanen alkawarin za ta riƙa share musu gidajensu da kaburburansu a ƙarƙashin ruwa, su tafi hankali kwance. Iyaye daga ƙauyuka shida aka gayyata.

"In ka ce in bar su, zan bar su," in ji Rahamatu tana share hanci da gefen gyale. "Wallahi zan bari. In koma in ce wa Baba ban iya ba."

"Ki bar su, ni kuma in rasa ki?"

"To, yaran fa?"

"Rahamatu, dube ni." Ta ɗago. Idonsa ya kawo ruwa shi ma. "Shekara uku ina wucewa ta ƙofar gidanku, ina gaida babanki yana amsawa da hanci. An kira ni arne ina fitowa daga masallaci, na yi shiru. A gidanmu ma ba a bar ni ba. Kaka ta ce 'yar birni ba ta iya zama da mu, wai hannunku bai san aiki ba, ta ce in na kawo ki ba ta cin abincinki. Duk na jure don yau. Yara za su yi kuka, gobe su manta. Ni in na rasa ki ba ni mantawa."

"Za su tsane ni."

"Ni zan faɗa musu. In ce ni na hana. A yi wasan da rigar makaranta, in shafa musu alli a hannu ya zama ɓawo." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Dodo da dorina dai suna nan, ba na Lawali ba ne."

Ya miƙe da kansa ya fara sauke rigunan daga igiya, tana karɓa tana ninkewa cikin zane. Wasu yara biyu suka leƙo ta taga, suka yi tsuru-tsuru suna kallo.

"Biyar. Shida. Bakwai." Ta duba igiya, ta duba bencina. "Malam, ina ta Sarauniya?"

Mati ya tsaya cak, hannunsa a sama.

"Malam?"

"Innalillahi," in ji shi a hankali. "Tana wurin Tamada."

Tamada ƙanwarsa ce, 'yar shekara tara, ita za ta fito a Sarauniya.

"To, kira ta mana!"

"Ba ta nan. Tana tsibiri." Ya dafe kai da hannu biyu. "Ni na ba ta, Rahamatu, da hannuna. Kaka ta ƙi tashi. Kowa ya taso sai ita, ruwa ya kai bakin danga, ta ce ba ta barin kabarin mijinta. Jiya da yamma babanmu zai kai mata hatsi, sai na ce Tamada ta bi shi da rigar, ta nuna mata. Na ce ko in ta ga Sarauniyar tatsuniyarta da idonta, zuciyarta ta yi laushi."

"Ka ce mata ta sa?"

"Na ce ta sa cikin ɗaki Kaka ta gani, ta cire ta naɗe. Na ja mata kunne."

"Yaushe za su dawo?"

Ya kalli inuwar da ke bakin ƙofa. "Yanzu."

Rahamatu ta rungumi ƙunshin rigunan ta fita da gudu. Mace mai shekara ashirin da huɗu, 'yar Malam Shu'aibu, tana gudu a titi takalmi ɗaya a ƙafa! Mata suka riƙa leƙowa ta katanga. Ita ko a jikinta.

* * *

Tashar jirage ta cika maƙil. Kwalekwale sai sauke mutane suke, Gungawa da Kambari da Sarkawa, kowa da kayan sallarsa, duk 'yan kallon wasa. Masu ƙosai da masu soyayyen kifi sun baje. Motar Lawali tana gefe ana loda mata bencina. Can sama kan tudu kuwa rumfar Malam Shu'aibu ce, yana zaune bayan kekensa, duk abin da ke bakin ruwa a idonsa yake.

Rahamatu ta kutsa har bakin ruwa tana haki. Mati ya iso bayanta.

"Wanne ne naku?"

"Ban gan shi ba tukuna. Bari in nemi jirgi in tare su a tsakiya."

Ya ruga wurin wani masunci. Suna cikin magana, mutumin yana kwance igiya, sai wata mai ƙosai ta sa hannu a goshi ta ce, "Jama'a, mi ne ne wancan ka walƙiya?"

Kowa ya juya.

Can bayan kawunan giginyun da ruwa ya shanye, wani ƙaramin kwalekwale ya ɓullo. A bakinsa akwai abu tsaye, rana tana dukansa yana mayar mata, shuɗi da fari, har sai ka kare ido.

"Ya Allah," in ji Rahamatu. "Ya Allah, kada Ka yi mini haka."

Jirgin ya matso. Tamada ce tsaye a gaba, cikin rigar tun daga wuya har idon sawu, da kambin farin wuri a kai, ta buɗe hannuwa yadda aka koya mata, gefen rigar ya baje kamar fiffiken kifi. Babansu yana tuƙi a baya. A tsakiya kuma wata tsohuwa ce zaune kan ƙunshin tabarmi, da tukwane, da akuya ɗaure, da turmi.

Wani dattijon Gungawa ya yi kabbara. "Tsohuwa ta taso! Wallahi ta taso!"

Mata suka ɗauki guɗa. Yara suka yi ta tsalle suna ihun Sarauniya.

Rahamatu ta jefa wa Mati ƙunshin, ta fizge gyalenta, ta faɗa ruwa har gwiwa, har cinya, tana miƙa gyalen don ta rufe yarinyar. Allah sarki. Rufe mi kuma? Mutum ya fi ɗari biyu a bakin ruwan nan, kowa da idonsa biyu.

"Yaya Rahamatu!" Tamada ta washe baki. "Kin gani? Kaka ce ta ce kada in cire! Ta ce Sarauniya ba ta shiga gari a naɗe cikin takarda. Ta ce in ina gaba za ta biyo ni."

Hannun Rahamatu ya sauka. Gyalen ya faɗa ruwa ya jiƙe.

Aka ja jirgin gaɓa, samari suka ɗauko tsohuwar suka dire ta. 'Yar ƙarama ce, ta rankwafa, amma idonta tar. Ba ta jin Hausa. Ta yi wa Mati magana da Gunganci, ya nuna Rahamatu da ke fitowa daga ruwa zane na ɗiga.

Tsohuwa ta yafito ta. Ta kama gefen rigar Tamada ta juya cikinsa, ta bi ɗinkin da farce, ɓawo bayan ɓawo. Sannan ta kama hannun Rahamatu ta juya shi, ta shafa kan yatsun da allura ta huda. Ta yi magana mai tsawo.

Rahamatu ta juya ga Mati.

"Mi ta ce?" in ji Rahamatu.

"Ta ce..." Mati ya sake kallon kakarsa. "Ta ce ashe ƙarya ta yi miki, wannan hannu ya san aiki. Ta ce duk daren jiya rigar tana rataye inda take ganinta, da asuba ta je ta yi sallama da mijinta. Ta ce ta yarda. Ita da kanta za ta aiko da goro gidanku."

Mutanen da ke kusa suka yi ta sa albarka. Wata ma har ta sake rangaɗa guɗa.

Sai taron ya dare. Malam Shu'aibu ne ya sauko daga tudu, tef ɗinsa a wuya, yana tafiya a hankali. Lawali ya bar motarsa ya biyo shi.

"Baba, ka dai gani da idonka," in ji Lawali. "Ni ban ce komai ba."

"Na gani."

Rahamatu ta zube a cikin laka ta kama ƙafarsa. "Baba, ga bakwai can, ba wanda ya sa su. Guda ɗaya ce, Baba. Yarinya ce, ba ta sani ba. Don Allah, don Annabi, Baba ka dube ni."

Mati ma ya durƙusa. "Malam, laifina ne. Ni na ba da rigar. In hukunci ne a yi mini."

Malam Shu'aibu ya kai dubansa ga yarinyar. Ya sunkuya gaban Tamada, ya kama hannun rigar, ya duba kafaɗa, ya duba wuya, ya ja ɗinkin ya ga bai motsa ba.

"Ɗinki ya yi," in ji shi. "Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan."

Ya miƙe, ya gaida tsohuwa da hannu a ƙirji, ita ma ta amsa tana fara'a. Sannan ya juya ga Mati.

"Malam Mati, ka ce wa tsohuwa sannu da hanya, Allah Ya sa ta taso a sa'a. Ka kuma ce mata kada ta wahal da kanta da aiken goro. Ba mai karɓa."

Ya zare ƙafarsa daga hannun 'yarsa a hankali, ya juya ya hau tudu. Bai waiwayo ba.

Lawali kansa ya sunkuyar da kai ya koma wajen motarsa.

Tamada tana jin Hausa sarai. Ta kalli yayanta a durƙushe, ta kalli Rahamatu, sai ta gane rigar ce ta jawo. Ta kai hannu za ta cire kambin.

Rahamatu ta riƙe hannun.

"Bar shi," in ji ta, hawaye na zuba tana gyara wa yarinyar zaman kambin. "Ba abin da ya saura da za a mayar. Malam, kwance ƙunshin nan ka kai wa yara rigunansu, la'asar ta kusa."

Mati bai motsa ba. Tsohuwa kuwa tana riƙe da hannun rigarsa tana ja, tana murmushi, tana jira ya faɗa mata ranar da surukin ya ce a kawo goron.